Yadda Na Kai Wa Inna Jikanta a Cikin Bargo

Tun ranar da na dawo daga Tunga ban huta da tambaya ba. A famfo a tambaye ni, a wurin niƙa a tambaye ni. Ranar Laraba kuwa, a ajinmu na karatun manya, malama da kanta ta aje alli ta ce, "Ramatu, wai da gaske jandarma ya sara miki a kan hanyar Tebaram?" Bai sara mini ba, wannan ƙarin mutane ne. Amma ni ba mai ɗaga murya ba ce, in na soma labari na baya ba su ji, sai a ce in sake. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daga farko, yadda ya faru.

Ɗana na fari yana Libiya, shekara shida ke nan. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san ba a yi. Yayan ɗiyata Zalika dai. Bara aka yi ta raɗe-raɗin wata mota ta ɓace da ƴan yankinmu na Adar a cikin hamada, labarin ya kai Tunga, ƙauyen su maigida, can gaba da Tebaram. Uwar maigida, wadda nake ce wa Inna, ita ta goye yaron tun yaye, sai ta sa a ranta yana cikin motar. An hau da ita kan tudun da waya ke kamawa, ya kira, ya gaishe ta, ta ce murya ce kurum, kowa na iya yin murya. An nuna mata hotonsa a waya, ta ce ita ba ta ganin komai sai ɗan haske kamar ƙwai, don idonta ya yi yana. Daga nan ta rage cin abinci. Sai ga saƙo ya zo mana Tawa cewa ta aje ranar Juma'a za ta tara malamai a yi masa addu'ar mamaci, kuma hura ma sai an yi da gaske take kurɓa.

Ɗiyata Zalika, wadda ke karatun ordinatar, wato kwamfuta, ita ta kawo dabara. Ta sa yayanta ya ɗauki kansa yana magana, minti goma sha shida, ya aiko, ta zuba a tsohuwar ordinatarta mai faɗin gilashi. Sai dai ita tana cikin jarrabawa, maigida kuma ajami kaɗai ya iya. Duk gidan aka juyo aka dube ni.

Ordinatar ɗin nan ba irin ta ofis ba ce mai hotuna da ɗan kibiya. Zalika ta ce duk ta kwashe kayan adon, don su ke shanye batir, kuma batirin ya tsufa. In ka kunna, baƙin gilashi ne kawai da wani ɗan farin layi yana ƙyafta ido, yana jira ka rubuta masa abin da kake so. Ta ce ainihin kalmomin dogaye ne, na Turanci, amma ta raɗa musu sunan Hausa saboda ni. Ta yago kwalin sukari ta rubuta mini su da manyan haruffa. In na rubuta duba, na danna babban maɓalli na dama, sai ta gaya mini kashi nawa ya rage a batir, minti nawa zai kai ni, da zafin jikinta. Rage na rage hasken gilashi. Nuna na fito da yaron, in ya ƙare ya sake somawa, don Inna ta kalla ta more. Akwai cika, akwai kashe.

"Mama, ki riƙe wannan da kyau," in ji Zalika. "Tsohuwar ordinatar nan ba ta barci don an rufe murfinta. Na hana ta, don in ta yi barci ba ta farkawa. Sai kin rubuta kashe, kin ga gilashi ya mutu, kana ki rufe."

Kwana uku ina koyo. Wanda ya jera haruffan nan bai taɓa shiga aji ba, a na can sama, b na can ƙasa, d na tsakiya kamar baƙo. Maigida yana kan kekensa na ɗinki yana leƙe, ya ce, "Ke da ko akuya ba ki iya yi wa tsawa, ke za ki ba ƙarfe umurni?" Na ce, "Malam, ai ba tsawa take so ba, rubutu take so." Ranar da na rubuta duba da hannuna ta amsa mini da Hausa, wallahi dariya ta kama ni har na kasa tashi daga tabarma. Shekara arba'in da wani abu ina magana a hankali ana ce mini "me kika ce?", yau ga abin da ke jina tun kafin in buɗe baki.

Ranar Talata da safe na tashi. Tun jiya da la'asar wuta ta tafi a unguwarmu ba ta dawo ba, don haka da kashi hamsin da takwas na fita. Zalika ta ce ba komai, a Tebaram akwai mai caji. Na naɗe ta da zane, na ƙara da bargo saboda ƙurar hanya, na rungume kamar jinjiri.

A ƙaramar bas ɗin da na shiga, tun ba mu bar tasha ba aka soma. Wata ta ce kilishi ne. Wani ya ce ai ka ga kusurwa huɗu, telebijin ce. Kafin mu wuce gonakin bakin gari duk motar ta san ina ɗauke da ordinatar, har ana gardama ko tawa ce ko aike ne. Wani dattijo da ke gefena, mai jan rawani, ya fito da wayarsa da ƴar igiyarta, ya ce, "Ɗiyata, an ce abin nan yana ba waya wuta. Tawa ta mutu tun jiya, ga shi ina son in kira gida a tarbe ni." Na so in ce a'a. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba." Kun san halina.

Na kwance, na kunna, na soka masa. Amma na yi wayo ɗaya. Bayan ɗan lokaci na rubuta duba, na nuna masa: hamsin da biyar. Can na sake: hamsin da biyu. Na ce, "Baba, ka ga wannan lambar? Abincinta ne. Wata tsohuwa zan kai wa, sa'arka." Ya sa ido, ya ga ta koma hamsin da ɗaya a gabansa, sai ya fizge igiyarsa da kansa. "A'a, a'a! Wannan ai shan jini ne. Rufe ta, ɗiyata, kada in ɗauki alhaki." Duk motar aka kwashe da dariya. Na rubuta kashe, na jira ta mutu, na rufe. Daga nan har Tebaram shi ya zama mai gadina, duk wanda ya miƙo waya sai ya buge hannun.

Hanyar ba ta da abin faɗi, kwalta ta ƙare, duwatsu suka karɓa, ƙashin bayana ya ji a jikinsa. Bayan azahar muka isa.

Na sauka gidan Hajo, ƙanwar maigida. Shekara goma sha biyu rabona da wajen, na manta yadda suke gaisuwa. A Tawa in kin ce ina wuni, ina gajiya, ina yara, kin wuce. Can kuwa sai an tambaye ki mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru kamar an gama, ki ɗauki ruwa za ki sha, a sake ɗaukowa daga farko. Ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka, ta malala man shanu har yana tafiya a kai. Mu a gari da ƴar cokali muke ɗiga shi muna kallon juna. Na ci har na ji kunya, na kuma ƙara.

Da la'asar Hajo ta raka ni rumfar Illa mai caji, a bakin kasuwa. Gurup ɗinsa, injin da ke ba shi wuta, na ruri a baya, tebur cike da wayoyi a jere kamar an shanya kifi. Ya karɓi ordinatar da hannu biyu, ya share mata wuri, ya ce shi ya san irinsu sarai, ya yi zaman Abija. Muka zauna a benci aka ba mu shayi. Can shayi uku ne, ba a tashi a na farko, kuma har mata ake ba.

Bayan kamar awa guda na leƙa, na kunna, na rubuta duba. Tamanin. Na koma na sha shayi na biyu, na dawo. Tamanin. Illa ya canza ramin da ya soka cajin, ya hura bakin igiyar, ya ɗan bubbuga. Tamanin. Ya girgiza kai kamar likita, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Batir ɗin nan ya mutu rabi. Haka suke yi, daga nan sai ƙasa." Mutane sun taru, kowa na ba ni haƙuri, wani har yana cewa Allah ya mayar da alheri.

Sai na tuna kwalin sukari. Zalika ta gaya mini ita ta sa mata iyaka a tamanin, kada ta riƙa ci har wuya kullum, don batir mai cika tam kullum ba ya daɗewa. In ana son ta cika don tafiya, sai an ba ta izini. Na ce, "Malam Illa, ɗan matsa." Bai ji ni ba. Hajo ta ce, "An ce ka matsa!" Ya matsa. Na nemo c, na nemo i, k ta ɓuya mini, na gano ta, na sa a. Na danna. Muka tsaya tsit, gurup kaɗai ke magana. Na ƙirga har ɗari a raina, na rubuta duba.

Tamanin da ɗaya.

Illa ya cire hularsa ya duba cikinta, ban san me yake nema ba. Wani mai sayar da igiya ya ce a sake. Tamanin da biyu. Daga nan kasuwa ta koma kallo, duk lambar da ta ƙaru sai a faɗe ta da ƙarfi, na baya su gaya wa na bayansu. Hajo tana ta bin mutane tana cewa, "Matar yayana ce! Matar yayana ce, daga Tawa!" Ni kuwa ina zaune na sunkuyar da kai, amma a cikin mayafi haƙorana duk a waje. Illa ya roƙe ni in rubuta masa kalmar a bangon rumfarsa da gawayi. Na ce masa a wata ordinatar ba za ta yi aiki ba, sai wadda Zalika ta koya wa. Ya ce in dai rubuta. Tana nan har yanzu, in ji Hajo.

Kafin magariba ta cika ɗari. Na kashe ta da kyau, na naɗe, na kwana da ita a gefen kaina.

Laraba da sassafe na shiga motar da ke bi ta Tunga, irin mai buɗaɗɗen baya, buhunan hatsi a ƙasa mutane a sama. Kusa da ni wata Ba'abziniya ce mai sayar da cuku, doguwa, mai dariya da ido. Hausarta gutsi-gutsi, ni kuma ba na jin nasu ko kaɗan, amma kafin mu tashi ta ɓantaro mini cuku, ni na ba ta ƙuli-ƙuli, shi ke nan mun zama ƴan ɗaki ɗaya. Mazansu kuwa sun rufe fuska sai ido, matan a buɗe. Na ce a raina, mu a gari akasin haka muka sani.

Ban ƙetare iyakar ƙasa ba a tafiyar nan, amma shingen jandarmomi da ke bayan gari ya ishe ni iyaka. Aka ce kowa ya sauko da katinsa. Wani jandarma mai fara'a ya duba nawa, ya dubi bargon.

"Madam, me ke ciki?"

"Ordinatar ce, ranka ya daɗe."

"A kunna mu gani."

Na shimfiɗa bargon a kan benci, na kunna. Ya ga baƙin gilashi, ya ce, "Ta lalace ne? Ina hotunan?" Na ce ba ta lalace ba, rubutu take ji. Na rubuta duba. Ta ce kashi casa'in da tara, minti ɗari da goma, zafi arba'in. Ya karanta da ƙarfi, ya yi dariya, ya kira abokinsa: "Zo ka ga ordinatar mai jin Hausa!" Abokin ya zo, direba ya zo, fasinjoji suka zagaye ni. Ya ce, "To me kuma ta iya?"

A nan ne na yi abin da na yi, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Daɗin kasuwar jiya bai sake ni ba. Hannuna ya tafi da kansa ya rubuta nuna.

Sai ga fuskarsa ta cika gilashi. Ni ban taɓa kallon abin ba. A gida duk lokacin da Zalika ta kunna, tashi nake in tafi madafa. Ga shi nan a gabana, ya yi gemu, ya buɗe baki zai yi sallama, ga maza baƙi tsaye a kaina.

"Wane ne wannan?" in ji jandarman.

Na ce, "Wani yaro ne... na gidanmu."

"Yaya sunansa?"

Na sunkuyar da kai, fuskata kamar an watsa mini ruwan zafi. Wata tsohuwa daga cikin fasinja ta tafa hannu ta ce, "Kai, bar ta! Ɗan hwari ne! Ba ka ga ta rasa inda za ta sa ido ba?" Aka fashe da dariya, har jandarman ya dafa kai ya ce, "Afuwa, Madam, afuwa." Ni kuwa ban san lokacin da na kife murfin ba, na tattara bargo na dunƙule. Direba ya tada mota, ya yi ta oda, ya karɓi ƙunshin daga hannuna don in samu in hau, ya cusa shi tsakanin buhuna kada ya faɗi. Wani ya ɗora buhu a kai. Na hau na ja mayafi na rufe fuska, ina ta addu'a a bar zancen. Rubuta kashe kuwa ko a raina.

Muka yi ta tafiya cikin rairayi, mota na kuka, mu muna riƙe da juna. Rana ta ɗaga sosai sai taya ta fashe a wani fili, ba gari ba rijiya. Direba ya kashe mota. Kunnuwanmu suka huta, aka yi tsit.

Can sai muka ji murya. Murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rami: "Kaka, ina gaishe ki da kyau da kyau..."

Mai cuku ta yi tsalle ɗaya ta dira ƙasa, ban taɓa ganin doguwar mace ta yi sauri haka ba. Tana nuna buhuna tana cewa, "Mutum! Mutum ƙarƙashi!" Direba ya yar da ƙarfen taya ya soma salati. Maza biyu suka hau suna jan buhuna suna kira, "Bawan Allah, kana da rai?" Tsohuwar nan ta ɗazu kuwa ta riga ta kai wata bishiya can nesa, da takalmi ɗaya.

Ni kaɗai na san muryar. Na ce, "Nawa ne." Ba wanda ya ji. Na miƙe tsaye a kan buhu, na ce, "NAWA NE!" Ina jin rabona da ɗaga murya haka tun haihuwar Zalika.

Da na kwance bargon sai da na saki, zafi kamar kaskon waina. Tun daga shinge yaron yake ta gaida kakarsa a cikin bargo, ya gama ya sake, ya gama ya sake, buhunan hatsi na saurare. Na danna harafin da ke tsaida shi, na rubuta duba. Kashi goma sha biyu. Minti goma sha uku. Zafi casa'in da ɗaya. Na rubuta kashe.

Mutane suna ta dariya har da masu kwanciya a rairayi, ni ma bakina na dariya amma raina na kan lissafi. Maganarsa minti goma sha shida ce. A Tunga ba gurup, sai ɗan faifan sola na cajin waya wanda ba ya iya ɗaukarta. Juma'a kuma jibi. Da na gaya musu dalilin tafiyar sai dariyar ta lafa. Wani ya kawo buta zai zuba mata ruwa ta huce, na rungume ta na ce a'a, don Allah a'a. Mai cuku ta zauna kusa da ni ta cire faifan da take rufe kwandonta, ta yi ta yi mata fifita har aka gama gyaran taya.

Da azahar muka isa Tunga. Na iske Inna kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ta rame har zoben hannunta na yawo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ramatu, kin taho addu'a? Kin kyauta." Na ce, "Inna, na zo miki da shi ki gani." Ta ce, "An sha gwada mini. Ƙwai ne."

Kafin in sha ruwa gida ya cika, kowa na cewa a kunna, a kunna. Na ƙi. Wannan karon a'a ɗin ta fito. Na zauna na yi tunani kamar yadda nake yi in hatsi ya yi kaɗan baƙi sun yi yawa. Hasken gilashi shi ya fi cin batir, Zalika ta faɗa. In na rage shi minti zai ƙaru. Amma idon Inna haske yake so, kuma a tsakar gida da rana tsaka ko mai lafiyar ido ba zai ga komai ba. To in ba zan iya ƙara wa gilashi haske ba, ai ina iya rage wa ɗaki.

Na sa aka kama Inna aka shigar da ita ɗakinta. Na rataye bargon a ƙofa, aka toshe ƴar taga da tsumma, aka cusa ƙyalle a duk inda rana ke leƙowa ta jinka. Na ce kowa ya fita. Muka zauna mu biyu a duhu, ban kunna ba, sai da na ga idona ya soma rarrabe tukunya da ƙwarya. Inna ta ce, "Wai kabari kika kawo ni in gwada?" Na ce, "Ki ɗan ƙara haƙuri, Inna."

Na yi bisimilla na kunna. Tashinta kaɗai ya ci kashi biyu. Duba: minti goma sha ɗaya. Na rubuta rage. Goma sha uku. Na sake rage. Goma sha biyar. Na ƙara sau ɗaya sai haruffan suka kusa ɓacewa, na ce to a nan za mu tsaya. Na ɗora ta a kan turmi daidai fuskar Inna, na rubuta nuna, na mai da idona kan ɗan fitilar batir da ke gefe, wadda ta riga ta koma ja.

Ya yi sallama. Ya ce, "Kaka, ina gaishe ki da kyau da kyau. Ina gajiya, ina..."

"Tsaida shi!" in ji Inna. "Wane irin mara kunya ne, shina gaisuwa ba ya jiran amsa?"

Na danna dogon maɓalli ya tsaya da baki buɗe. Inna ta gyara zama ta soma amsawa. Lahiya lau. Gajiya ta bi lahiya. Ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi zafin wurin, ta tambayi maƙwabtansa da ba ta sani ba. Fitila na ƙyaftawa. Na ce a hankali, "Inna, ko a tsaye take tana cin batir." Ta ce, "To ta ci. Ba a barin gaisuwa rabi." Na ji kamar in yi kuka, na ji kamar in yi dariya. Sai da ta gama tsaf ta ce in sake shi.

Ya ci gaba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ce, "Wanga ya yi gemu. Nawa ba shi da gemu." Na ce shekara shida ce, Inna. Ta ce, "Hm." Ya ba da labarin aikin gini, ya nuna ɗakinsu, ya kira sunayen mutanen Tunga ɗaya-ɗaya. Ta ce, "Wannan kowa na iya koya mishi." Fitila ta soma ƙyaftawa da sauri.

Sai ya ce, "Kaka, kada ki damu da ni. Ina cin abinci sosai, kullum da nama, ina ƙoshi."

Inna ta yi wata ƙara, ta damƙe hannuna har na ji ƙashi. "Ƙarya shikai! Duba, duba, ga shi shina sosa ƙeya! Tun shina ƙarami in zai mini ƙarya sai ya sosa ƙeya da hannun hagu. Ramatu, shi ne! Ja'irin nan ne! Bai ƙoshi ba, yunwa shika ji, amma shi ne!"

Na waje suka ji, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Inna tana kuka tana dariya tana zaginsa, tana shafa gilashi da tafin hannu, tana ce masa mijin banza da ya tafi ya bar ta ba ko sabulu. Ni dai ina riƙe da turmi kada ta ture shi.

Cikin hayaniyar muka ji ya ce, "Kuma Kaka, ga albishir. Ina nan tahowa gida, in Allah ya yarda, bayan..."

Gilashi ya mutu.

Muka zauna a duhu. Inna ta ce, "Bayan mi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ke ba ki kalla ba?" Na kau da kai. Ta ce, "Af, na manta." Sai ta ɗaga murya, muryar da aka ce an yi wata biyu ba a ji ba: "Ku cire bargon nan! Ku dama mini hura, da nono mai yawa. Tun da bai hwaɗi rana ba, kada shi zo shi iske ni ƙashi. Kuma a gaya wa malamai su zo Juma'a yadda aka ce, amma su canza addu'a."

Ta shanye ƙwarya guda a gabana, ta ce a ƙara.

Na kwana uku a Tunga, na dawo da matacciyar ordinatar, da kaza biyu, da cukun da ƙawata ta hanya ta aiko mini. Zalika ta saurari labarin bargo tana riƙe da ciki, ta soka caji, abin ya tashi lafiya. Ashe ita ta san ranar tun farko, yayanta ne ya hana ta faɗa sai Kaka ta ji daga bakinsa. Bayan babbar Salla ne. Muka ba direban Tunga saƙo ya kai.

Mako na zagayowa ya tsaya a ƙofar gidanmu, ko mota bai kashe ba, ya ce tsohuwa ta ji, amma tana da tambaya ɗaya: da ya faɗi ranar, ya sosa ƙeya ko bai sosa ba?

Na sa Zalika ta kunna ta duba, ni ina madafa. Can ta ƙwalo mini kira.

"Mama! Bai sosa ba!"